Makwanci a Kan Ruwa: Daga Zaurukan Wurno Zuwa Bahar Maliya

Ɗalibin da ya yi nisa a karatun fiƙihu a zaurukan Wurno, ko Rabah, ko Rara, idan ya ɗauki Lawwali na Muhtasar ya iso Babin Hajji, yakan tarar da mas'alar da ba ta yi kama da ƙasarsa ba. Shehu Halil, malamin Misira na ƙarni na 14, ya yi hukunci cewa tafiya hajji ta teku daidai take da tafiya ta tudu, sai a hali biyu: idan halaka ta fi rinjaye, ko kuma idan jiri da tashin zuciya za su sa mutum ya tozarta wani rukuni na salla. Da ya zo kan mace kuma sai ya ƙara sharaɗi, cewa ba a so ta hau teku sai in an keɓe mata wuri a cikin jirgin. Masu sharhi suka fayyace dalili: kada ta cuɗanya da maza wurin barci, kada kuma ta rasa sutura wurin biyan bukata.

Ana biya wannan karatu a wurin da ke nesa da gaɓar teku mafi kusa da fiye da kilomita 700. Jirgin da ɗalibin ya sani shi ne kwale-kwalen fito na Gulbin Rima, wanda ake turawa da gora. Ba shi da ɗaki, ba shi da rumfa, babu mai kwana a cikinsa, don kafin a gama gaisawa an kai tsallake. Shehu Usmanu bai samu zuwa hajji ba, haka ma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya gina Wurno ya kuma rasu a cikinta a 1837. Amma mas'alar ba ta tsaya a takarda ba. Jikokin mutanen wannan yanki sun hau tekun, sun kuma gano cewa abubuwa biyun nan da Halil ya auna, wato lafiyar jiki da sutura, su ne dai tushen duk wata gardama kan yadda ake raba makwanci a jirgin ruwa. Har yau masu zana jiragen yawo ba su gama sasanta su ba.

Hanyar gabas tsohuwa ce, amma abin da ya cika ta da mutanen ƙasar Sakkwato shi ne 1903. Turawa sun ci Sakkwato ranar 15 ga Maris, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi hijira, jama'a suka bi shi, aka kashe shi a Burmi ranar 27 ga Yuli. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda ake wa laƙabi da Mai Wurno, ya ja ragowar mutane zuwa Sudan, suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sannar, a garin da har gobe ake kira Mai Wurno. Garin ya zama zango ga masu niyyar Makka. Mutum ya yi shekaru a hanya, yana ƙwadago a gonakin audugar Jazira yana tara guzuri, daga ƙarshe ya gangara Sawakin. Tsakaninsa da Jidda saura ruwa na kimanin kilomita 320.

Jirgin talaka a wannan ruwa shi ne sambuk. Jirgin katako ne mai jigo ɗaya ko biyu, ana ɗaura wa kowane jigo ƙaton ƙyalle mai kusurwa uku ya tari iska, iskar ce kuma ke tura shi. Yawancin cikinsa a buɗe yake kamar akushi. Daga baya ne kawai ake daɓe wani ɗan dandamali mai tudu inda matuƙi ke zama, a ƙarƙashinsa kuma akwai ɗan gurbi da za a iya kira ɗaki idan an yi kara. Bayani mafi filla-filla kan kwana a irin wannan jirgi ya fito ne daga wani Bature ɗan Ingila, Richard Burton, wanda ya yi shigar Musulmi ya bi ayarin alhazai a 1853. Mutum ne mai raina jama'a, kuma ya shiga inda bai kamata ya shiga ba, amma yana da halin auna abu da ƙafa da inci, wannan halin nasa ne ya amfane mu.

Jirgin da ya ɗauke shi daga Suwez zuwa Yanbu a watan Yuli na wannan shekara sambuk ne mai ɗaukar kimanin tan 50, sunansa Silkuz Zahab. Mai jirgin ya yi alkawarin ɗaukar mutum 60 a cikinsa, ya loda 97. A kan dandamalin baya, wanda bai wuce ƙafa 10 a tsawo da ƙafa 8 a faɗi ba, mutum 18 suka zauna. Idan aka raba, kowa bai samu filin da ya kai daddumar salla ba, kuma nan ne wurin manya. Ɗakin da ke ƙarƙashinsu tsayinsa ƙafa 3 ne, ko yaro ba ya miƙewa tsaye a ciki, an kuma cusa mata da yara 15. Sauran jama'a suna can ƙasa a kan buhuna da akwatuna. Tun kafin a ɗaga anka faɗa ya kaure, alhazan Magrib suka yi yunƙurin hawa dandamalin da ƙarfi, na sama suka tare su da sanduna, Burton da kansa ya turo musu randar ruwa a ka. Shi kuwa da ya ga ba wurin miƙe ƙafa, sai ya biya wani ma'aikacin jirgi ya bar masa wani ɗan gado da aka rataye a gefen jirgin ta waje, ruwa na wucewa a ƙarƙashinsa. Kwana 12 suka yi, kuma abin da ya sauƙaƙa musu shi ne al'adar matuƙan wannan gaɓa: saboda duwatsun murjani da ke ɓoye a ruwa, ba a cika tafiyar dare ba. Da yamma a nemi lungu a jefa anka, mai iko ya sauka ya kwana a kan yashi.

A duba inda aka ajiye matan. A zahiri an cika sharaɗin Halil, an keɓe musu wuri, har da rufi. Amma a Bahar Maliya cikin watan Yuli, akwatin katako mai tsayin ƙafa 3, ba taga, da numfashin mutum 15, shi ne wuri mafi muni a jirgin duka. Nan zafi ya fi, nan amai ya fi kama mutum saboda ido ba ya ganin inda sama ta haɗu da ruwa, nan ne kuma fita ta fi wuya idan jirgi ya kife. An sayi sutura da lafiya. Mazan da ke sama rana ta gasa su, raɓa ta jiƙa su, amma suna da iska.

Ba sabon abu ba ne a wannan teku. Ibn Jubair na Andalus ya ƙetare daga Aizab zuwa Jidda a 1183 cikin jirgin da ake kira jalba, wanda ba ƙusa ko ɗaya a jikinsa, ɗinke katakansa ake yi da igiyar ɓawon kwakwa. Ya kwatanta cinkoson alhazai da na kaji a akurki, ya ce masu jiragen so suke su fanshe kuɗin jirgi a tafiya guda. Shekaru 670 ke tsakaninsa da Burton, lissafin mai jirgi bai canja ba.

Ɗaki na gaskiya, mai ƙofa da mabuɗi, yana nan tun a wancan zamani, sai dai a wani tekun kuma ga wasu mutanen. Ibn Battuta, wanda daga baya ya zo Takedda har ya ambaci Gobir a labarinsa, ya ga manyan jiragen Sin a Kalikut ta Indiya a farkon shekarun 1340. Suna da hawa huɗu, da ɗakunan 'yan kasuwa, wasu har da makewayinsu, mai ɗaki ya kulle ya riƙe mabuɗi, ya yi tafiyar duka da iyalinsa ba wanda ya san su. Ya nemi a ba shi irin wannan saboda kuyanginsa, aka ce fataken Sin sun kama masu kyaun zuwa da dawowa. Wanda aka ba shi ya yi ƙanƙanta, sai ya sa aka mai da kayansa da mutanensa wani ƙaramin jirgi, shi kuma ya tsaya a tudu don sallar Juma'a. Hadari ya taso, babban jirgin ya farfashe da mutanen da ke ciki, ƙaramin ya yi gaba da duk abin da ya mallaka. Tsirfar neman ɗaki ta raba shi da dukiyarsa, ita ce kuma ta tsirar da ransa.

Maganar nawa ne rabon mutum ɗaya na fili, Turawa ne suka mai da ita lissafin inci, kuma asalinta ba mai daɗi ba ne. A jiragen yaƙin Ingila na zamanin iska, kowane ƙaramin soja yana da faɗin inci 14 na rataye ragar kwanciyarsa. Abin da ya sa hakan ke yiwuwa shi ne rabin mutane suna bakin aiki a kowane lokaci, mai barci ya samu sararin maƙwabcinsa. Zanen nan kuwa da masu yaƙi da cinikin bayi suka yaɗa daga 1788, na jirgin Brookes, ya nuna mutum 454 a jere, kowane namiji an ba shi ƙafa 6 a tsawo da inci 16 a faɗi. Brookes ba daga ƙasarmu ya yi lodi ba, amma Hausawan da yaƙe-yaƙen farkon ƙarni na 19 suka jefa hannun fatake, aka gangara da su Ikko da Wida aka haye da su Bahiya ta Barazil, a irin wannan jeri suka kwana. 

Jiragen alhazai sun samu nasu ma'aunin ne saboda tsoron kwalara, bayan annobar da ta ɓarke a Makka a 1865 ta bi jirage har Turai. Aka yi ta taruka, har yarjejeniyar kiwon lafiya ta duniya da aka sa wa hannu a Faris a 1926 ta tanadi murabba'in mita 1.5 ga kowane mahajjaci a cikin jirgi, da tsayin rufi na aƙalla mita 1.8. Wato shimfiɗar tabarma guda, da damar miƙewa tsaye a yi kabbara. Idan aka gwada da dandamalin Burton, wannan ya ninka rabon mutum fiye da sau uku. Sai dai dokar jiragen inji ta shafa, ta kuma zo da fasfo, da allura, da zaman killacewa a Sawakin, da kuɗin tikitin dawowa. Talakan da ya yi shekara biyar yana tara guzuri sau da yawa ba ya iya biya, sai ya bi dillalai su kai shi wani lungu na gaɓar Sudan ko ta Eritiriya, ya shiga sambuk cikin dare, a sauke shi a kudu da Jidda wajen Lis ko Ƙunfuza. Wasu ruwa ya ci su, wasu aka sauke su a inda ba rijiya, wasu aka sayar da su. Dokar da ta ba mai kuɗi tabarma ita ce ta tura marar kuɗi jirgin da ba mai ƙirga kawuna. Jirgin sama ne ya kawo ƙarshen wannan, sannu a hankali daga shekarun 1950. Sardauna Ahmadu Bello, haifaffen Rabah, ta sama ya je hajjinsa na 1955.

Da jirgin iska ya daina zama abin hawan fatake da alhazai, bai mutu ba, ya koma abin nishaɗi. A Turai da Amurka mutane suka fara mallakar ƙananan jirage don yawo kawai. Joshua Slocum ya zagaye duniya shi kaɗai tsakanin 1895 da 1898 a jirgi mai tsawon mita 11. Daga ƙarshen shekarun 1950 aka fara zuba jikin jirgi da roba mai zaren gilashi maimakon sassaƙa katako, farashi ya sauko, ma'aikaci mai albashi ya iya saye. A yau matsakaicin jirgin yawo, mai tsawon mita 10 zuwa 13, shi ne ya cika tashoshin Bahar Rum da na Karebiyan, kamfanoni irin su Beneteau da Jeanneau na Faransa da Bavaria na Jamus suna ƙera su da yawa. Tsawonsa bai kai na babban sambuk ba, kuma mutum huɗu zuwa takwas ake nufi da shi.

Tsarin cikinsa zai yi wa Bahaushe sauƙin ganewa idan ya tuna gida. Wurin zaman matuƙi a waje, daga baya, shi ne zaure: nan ake hira, nan baƙo ke fara tsayawa. Daga nan a sauka 'yar matakala zuwa ciki. A gindin matakalar, gefe ɗaya madafa ce, da murhun da aka rataye yana lilo don tukunya ta tsaya daidai ko jirgi ya karkata, ɗaya gefen kuma teburin taswira ko makewayi. An ajiye madafa a nan ne don iska, don kuma a miƙa wa matuƙi abinci ba tare da an ratsa jirgi ba. Gaba kaɗan sai tsakar gida, wato falo, da tebur a tsakiya da dogayen kujeru biyu a gefe waɗanda ke zama gado da dare. Can a goshin jirgi akwai ɗaki mai gado irin tsinin mashi, faɗi wajen kai, matsattse wajen ƙafa, domin haka jikin jirgin ya tsuke. A baya kuma, ƙarƙashin wurin matuƙi, akwai ɗaki ɗaya ko biyu masu gajeren rufi, ana shiga gadonsu da rarrafe. Wannan gurbin shi ne dai inda aka cusa mata da yara a Silkuz Zahab, an ƙara masa katifa da taga da ƙofa.

Mai saye yakan tambayi ɗaki nawa ne, kamar mai neman hayar gida, kuma masu ƙira sun bi shi. Kasuwar hayar jirage, wadda ta bunƙasa tun da aka kafa kamfanin The Moorings a tsibirin Tortola a 1969, ita ta fi matsa lamba, don iyali uku da suka haɗa kuɗi su yi mako guda kowa yana son ƙofar da zai rufe da makewayinsa. Saboda haka jiki ɗaya na mita 12 ake sayar da shi da ɗaki biyu ko uku, aka faɗaɗa bayan jirage don ɗakuna biyu su shiga kafaɗa da kafaɗa, aka kawo faffaɗan gado na tsakiyar ɗaki wanda ake hawa ta kowane gefe. Sharaɗin keɓe wuri ya samu cika fiye da yadda wani mai sharhin Muhtasar ya taɓa zato. Kuma ga mai kwana a tasha, ko a lungun da ruwa ke kwance, kamar yadda matuƙan Burton ke yi kowace yamma, tsarin ba shi da aibu.

Aibun yana fitowa ne ranar da aka ce ba tsayawa. Jiragen da ke tashi daga Las Palmas kowane Nuwamba su ƙetare Atilantika zuwa Sen Lusiya suna cin kimanin mil 2,700 na teku, mako biyu zuwa uku ba anka. Jirgi a kan igiyar ruwa kamar tsinken awo yake, bakinsa biyu ne ke hawa da sauka, tsakiya ba ta cika motsi ba. Mai kwana a goshi, musamman idan ana fuskantar iska, sai a ɗaga shi daga katifa a maka shi, ga ƙarar ruwa na dukan jikin jirgi dab da kunnensa. Jirgin iska kuma a karkace yake tafiya, digiri 15 ko 20 ba abin mamaki ba ne, ya wuni ya kwana a haka. A faffaɗan gado mutum gangarawa yake yi, ya kwana yana riƙon gefen katifa, ya tashi a gajiye ya karɓi tuƙi. Gajiyar matuƙi kuwa ita ce mafarin yawancin kurakuran da ke jefa jirgi cikin hatsari. A nan ɗaya ma'aunin na Halil ke dawowa, na jirin da ke hana mutum tsayuwa.

Don haka gogaggun matafiya sukan bar ɗakunan nan masu ƙofa su zama ma'ajiyar kaya, su dawo falo. Gadon teku na kirki siriri ne, faɗinsa bai wuce santimita 60 ko kusa da haka ba, tsawonsa mita 2, yana bin tsawon jirgi ba a gicciye ba, yana ƙasa-ƙasa kusa da tsakiya. A gefensa na buɗe ana ɗaure wani ƙyalle mai kauri daga ƙarƙashin katifa zuwa rufi, ya tare mai barci kamar yadda zani ke tare goyo. Masana da yawa sun fi son gadon da ke gindin matakala, wanda rabinsa ya shige ƙarƙashin wurin matuƙi, domin motsi kaɗan ne, kuma mai tuƙi na iya tada na kwance da kira ɗaya. Ana raba dare kashi-kashi, awa uku ko huɗu, wanda ya sauko daga aiki ya shiga gadon da ɗan'uwansa ya bari da ɗuminsa, dabarar nan dai ta masu inci 14. Jirgin da takardar talla ta ce yana kwantar da mutum takwas, a tsakiyar teku da wuya ya ba da makwanci uku na gaske.

Suturar da ta rage a irin wannan tafiya ta labule ce da ta ladabi, kowa ya kau da kai. Wasu masu ƙira na jiragen doguwar tafiya sun nemi tsaka-tsaki: su matsar da wurin matuƙi zuwa tsakiyar jirgi, ɗakin baya ya samu tsayin rufi da ƙofarsa, sannan su raba katifarsa biyu da katako ko ƙyalle a tsakani, yadda a tasha gado ɗaya ne na miji da mata, a teku kuma ya koma sirara biyu. A ɗan lungun da ke haɗa falo da wannan ɗaki sukan ƙara gado ɗaya mai labule, kusa da inji, inda ya fi ko'ina kwanciyar motsi, kuma shi ake bar wa wanda jiri ya fi kamawa.